QGIS, ArcGIS ko Google Earth: wace manhajar taswira ta dace da makarantun jihar Tawa?

Makarantar da ta samu kwamfutoci goma ko ashirin, daga gwamnati suka fito, ko daga wata ƙungiya, ko daga hannun ƴan gari da ke ci-rani, ba ta daɗewa sai malaman tarihi da labarin ƙasa su tambayi darakta abin da za a ɗora a cikinsu domin darasin taswira. A yau akwai manyan hanyoyi uku da ba a biyan kuɗin saye. Akwai ArcGIS na kamfanin Esri, wanda ake bai wa makarantu kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Akwai Google Earth, wanda kusan duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa leƙawa. Sai kuma QGIS tare da bayanan OpenStreetMap, waɗanda jama'a ne suka haɗa hannu suka gina, kuma kowa yana da izinin amfani da su da kwafarsu. Dukansu suna da amfani na gaske, amma abin da kowannensu yake nema a wurin makaranta, na lantarki da intanet da lokacin malami, ya sha bamban ƙwarai. Ra'ayina shi ne makarantar jihar Tawa ta kafa darasinta a kan abin da zai ci gaba da aiki ranar da babu intanet, da shekarar da masu tallafi suka kammala shirinsu suka tafi, sannan ta ƙara sauran a kai gwargwadon halinta.

Kafin a duba manhaja, ya kamata a fayyace abin da ake son ɗalibi ya iya. Yaron da ke ajin farko na kwaleji yana buƙatar ya gane gabas da arewa a kan takarda, ya fahimci ma'auni, wato yadda santimita ɗaya take tsayawa a madadin kilomita biyu a taswirar da aka zana bisa ɗaya cikin 200,000, ya kuma iya karanta alamomin da ke gefe. Wanda ke shirin BEPC ko bakaloriya ana son ya wuce nan: ya ɗora bayani a kan bayani, ruwan sama a kan yawan jama'a, hanyoyin mota a kan kasuwannin mako, ya fitar da dalili da kansa. Akwai mataki na uku da ba kasafai ake kaiwa gare shi ba, wato ɗalibi ya fita ya auno wani abu a unguwarsu, rijiya ko ƙorama ko wurin da ruwa yake kwanciya da damina, ya dawo ya zana tasa taswirar. Google Earth ya fi ƙarfi a mataki na farko, inda kallo ne babban aiki. ArcGIS da QGIS kuwa an gina su ne domin na biyu da na uku.

Halin da makarantunmu suke ciki shi zai yanke rabin hukuncin. Mafi yawan gidajen Nijar ba su da lantarki, a karkara kuma lamarin ya fi tsanani. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7 a 2018, amma ba wanda ya manta yadda wuta ta riƙa ɗaukewa bayan Najeriya ta katse layin da take ba mu a 2023. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke sa ƙaramar kwamfuta ta mutu da kanta a tsakiyar darasi, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata iska. Intanet kuma, ko ta Airtel ce, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ko ma Starlink da ya shigo ƙasar kwanan baya, sai an biya ta kowane wata, kuma sau da yawa aljihun malami ko asusun kwamitin kula da makaranta ne ke ɗaukar nauyin. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowace manhaja ita ce me za ta iya yi a sa'a ɗaya ta darasi, a aji mai ɗalibai sittin, ranar da layin ya tsinke.

Zan fara da ArcGIS, domin shi ne ƙungiyoyi suka fi kawowa a cikin takardun shirinsu. Jack Dangermond da matarsa Laura ne suka kafa kamfanin Esri a 1969 a garin Redlands na jihar Kalifoniya, kuma manhajojinsa su ne ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni na duniya suka fi amfani da su a wannan fanni. A 2014 kamfanin ya yi alkawarin bai wa makarantun firamare da sakandare na Amurka, sama da dubu 100, damar shiga ArcGIS Online kyauta, a ƙarƙashin shirin ConnectED na gwamnatin Barack Obama, aka ƙiyasta darajar kyautar da kusan dala biliyan 1. Daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa wasu ƙasashe ta hannun wakilan kamfanin, kuma sharuɗɗan suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai kuma Africa GeoPortal, dandalin da kamfanin ya buɗe domin masu aiki a kan Afirka. Ƙarfin ArcGIS Online a bayyane yake. Ba a ɗora komai a kwamfuta. Ana buɗe shi ne kamar kowane shafin intanet, a tarar da taswirorin ruwan sama da na yawan jama'a da hotunan tauraron ɗan'adam a shirye. Survey123 yana bai wa malami damar tsara tambayoyin da ɗalibai za su cika a waya, kuma yana karɓar amsoshi ko babu layi, ya aika daga baya. StoryMaps kuwa yana haɗa taswira da hoto da rubutu a shafi ɗaya mai kyan gani, abin da ke ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa idan ya ga aikinsa ya fito fes.

Sai dai zuciyar wannan tsari tana can cikin intanet. Idan ɗalibai ashirin suka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a lokaci ɗaya a kan layin waya guda, rabin darasin zai ƙare ne ana jiran hoto ya bayyana. Dole kuma a samu malami ɗaya da zai riƙe ragamar asusun makaranta: ya buɗe wa kowane ɗalibi nasa, ya sabunta kalmar sirrin wanda ya manta, ya kula da makin da wasu ayyuka kamar ajiya da nazari mai zurfi suke ci, ya kuma nemi sabunta izinin idan wa'adinsa ya cika. Idan aka yi wa wannan malami canjin wurin aiki, kamar yadda ake yawan yi, asusun yakan tafi da shi. ArcGIS Pro, babbar manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta, a kan Windows kaɗai take aiki, tana kuma son inji mai ƙarfi wanda ya zarce irin tsofaffin kwamfutocin da ake kawo wa makarantu. Abin da ya fi damuna shi ne mallaka. Aikin da yara suka yi yana zaune ne a ma'ajiyar kamfani, bisa izinin da kamfanin ne yake da ikon sauya sharuɗɗansa. Kamar gonar aro ce: tana ba da amfani sosai, amma mai hankali ba ya gina rumbunsa a cikinta. Duk makarantar da ta zaɓi wannan hanya, ya kamata a ƙarshen kowane zango ta sauke bayananta ta ajiye su a hannunta, a sigar da wata manhaja za ta iya buɗewa.

Google Earth ya samo asali ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Keyhole, wanda Google ya saya a 2004, ya fitar da manhajar da sabon sunanta a 2005. Google Earth Pro, wanda a da ake biyan kuɗinsa, ya zama kyauta a 2015. Babu wata manhaja da ta kai shi saurin kama hankalin aji. Malami mai kwamfuta ɗaya da majigi zai iya tashi daga farfajiyar makaranta, ya bi hanyar Ƙwanni, ya nuna gonakin albasa na Galmi, ya haura kwarin Maggiya inda layukan itatuwan kare iska da aka fara dasawa a 1975 suke bayyana daga sama kamar an ja su da zare, duk cikin minti goma. Yana da ma'aunin nisa da na faɗin fili, yana kuma da tsofaffin hotuna da ake komawa baya da su, ko da yake a karkararmu akwai wuraren da hotunan ba su da yawa. Yana iya riƙe kimanin jigabait 2 na wuraren da aka riga aka kalla, don haka malami zai iya zagaya yankin darasinsa a inda akwai intanet, ya zo aji ya nuna ba tare da ita ba, amma wannan ajiya ba abin dogaro ba ce, domin sabon kallo yana ture tsoho. Iyakarsa ita ce nazari: ba zai lissafa maka ƙauyuka nawa ne suke nesa da asibiti fiye da kilomita biyar ba, ba kuma zai rina gundumomi da launi gwargwadon yawan mutanensu cikin sauƙi ba. Hotunan nasa ma suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma sharuɗɗansa sun hana a kwafi abin da ke ciki a zuba a OpenStreetMap.

QGIS shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin shi nake ganin ya dace ya zama ginshiƙi. Gary Sherman ne ya fara rubuta shi a 2002 da sunan Quantum GIS. Siga ta 1.0 ta fito a 2009, ta 2.0 a 2013, lokacin da aka taƙaita sunan, ta 3.0 kuma a 2018. Lasisinsa ya halatta wa kowa ya sauke shi, ya kwafa, ya raba, ya ɗora a kwamfutoci ko nawa ne ba tare da neman izini ko buɗe asusu ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce mutum ɗaya zai sauke shi sau ɗaya a Yamai ko a cikin garin Tawa, ya zuba a ƴar ma'ajiyar USB, ta zagaya makarantun Keita da Buza da Illela da Madawa ba tare da an ƙara kashe ko dala ba. Yana aiki a Windows da Linux da Mac, yana da Faransanci cikakke, kuma tsohuwar kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa muddin ba a cika mata manyan hotuna ba. Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a Oktoban 2025, domin injin da ba zai karɓi sabon Windows ba ana iya sa masa Linux, QGIS ya ci gaba da aiki a kansa. Ana fitar da sabuwar siga kowane wata huɗu, da kuma siga mai dogon tallafi sau ɗaya a shekara. Wannan ta biyun ita ce ta makaranta, kuma a ɗora iri ɗaya a duk injunan ɗaki domin abin da malami ya nuna a allo ya yi daidai da abin da ke gaban ɗalibi.

Wahalar QGIS ba a ɓoye take ba. Wanda ya buɗe shi karon farko farin fili zai gani da maɓallai barkatai, babu taswira ko ɗaya sai wadda ya zuba da hannunsa. Nauyin da kamfani yake ɗauke wa makaranta a ArcGIS Online, a nan malami ne yake ɗaukarsa: shi zai nemo bayanai, ya tsara su a jaka ɗaya, ya shirya aikin kafin yara su shigo. Akwai kuma tarkon tsarin ma'aunin wuri, wato lambobin da ake nuna matsayin kowane wuri a doron ƙasa da su, wanda yake rikita ko da manya. Jiharmu ma tana da nata na musamman, domin layin digiri 6 na gabas ya ratsa ta: garin Tawa yana cikin yanki na 31 na tsarin UTM, wanda ya raba duniya yanki-yanki domin awon taswira, Abalak kuwa yana cikin na 32. Malamin da bai san wannan ba zai ga rijiyoyin da ɗalibansa suka auno sun faɗa ɗaruruwan kilomita nesa da inda suke, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Maganin abin shi ne a haɗa jakar bayanai guda ta jihar baki ɗaya, wadda ƙwararre ya daidaita, a raba ta tare da manhajar.

Abin da zai shiga wannan jaka yana nan a wadace, kuma kyauta. Iyakokin jihohi takwas da gundumomi da ƙananan hukumomi ana samunsu a dandalin HDX na ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙaluman ƙidayar 2012, wadda ta ba Nijar mutane sama da miliyan 17, jihar Tawa kuma sama da miliyan 3, suna wurin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, kuma haɗa su da taswirar gundumomi shi ne darasin farko mafi kyau ga ɗan lise. Tudu da kwari ana samunsu daga SRTM, awon da aka yi daga sararin samaniya a Fabrairun 2000, mai kaifin mita 30, wato kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 30 a ƙasa. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat, waɗanda aka fara ɗauka a 1972, an buɗe su ga kowa a 2008. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a Yunin 2015, yana ɗaukar wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar da kaifin mita 10. Wannan kaifi ba zai nuna ramin tassa ɗaya ko gindin gawo ɗaya ba, amma ya isa ya nuna faɗin ruwa da korewar ƙasa. Hoto ɗaya yakan kai ɗaruruwan megabait, don haka a yanko yankin da ake buƙata kaɗai kafin a raba.

Da waɗannan a hannu, darussan da suka shafi rayuwar Adar kai tsaye suna buɗewa, kuma a nan ne bambancin QGIS da kallon hoto kawai yake fitowa. An fara shirin raya karkara na Keita a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a shekarar da aka harba Landsat 5, don haka akwai hotunan kwarin tun daga farkon aikin gandari har zuwa yau. Ɗalibi zai iya jera na shekarun farko da na yanzu, ya auna fakon da ya farfaɗo da wanda ya koma gidan jiya. Tafkin Tabalak, da ke kan hanyar Agadas, wanda aka sa cikin jerin Ramsar na muhimman tafkuna da fadamun duniya a 2005, ana iya zana gefensa a Oktoba, a sake zanawa a Mayu, manhajar ta fitar da kadada nawa ruwan ya janye, sannan aji ya tattauna abin da hakan yake nufi ga masunta da masu noman rani da makiyaya. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, idan aka ɗora layinta a kan hoton damina na bana, yara za su ga da idonsu inda gonaki suka tsallake ta, su fahimci tushen rigimar burtali da mashaya wadda suke ji a gida kowace kaka. Ambaliyar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ita ma darasi ce: da bayanan tudu da kwari ana iya nuna hanyar da ruwa yake bi ya shiga unguwa. ArcGIS Online yana iya yin irin wannan, wani lokaci ma cikin sauƙi fiye da QGIS, amma sai layi yana nan daga farkon sa'a har ƙarshenta.

OpenStreetMap, wanda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, shi ne ke ba da hanyoyi da gine-gine da sunayen wurare. Ana iya sauke na Nijar baki ɗaya a fayil guda daga shafin Geofabrik a buɗe shi a QGIS. Ingancinsa ya danganta da yawan masu sa kai da suka yi aiki a wurin: Yamai ta cika sosai, wasu ƙauyukan Adar kuwa suna nan da suna kawai, wasu ko sunan babu. Wannan giɓi ni ina ganinsa dama ce ga lise mai ɗan intanet. Ajin da ya zana titunan unguwarsa da famfunan ruwa da makarantu, ya sa sunayen da mutanen wurin suke kira, ya yi aikin da ma'aikacin lafiya da direban motar asibiti za su amfana da shi gobe. Duniya ta ga amfanin irin wannan aiki bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, inda masu sa kai suka zana babban birnin cikin ƴan kwanaki. Manhajar JOSM tana ba da damar a sauke yanki, a yi gyara ba tare da layi ba, a tura daga baya, sai dai wajibi ne malami ya duba aikin kafin a tura, domin kuskuren yaro yana shiga taswirar da duniya take amfani da ita.

Kwalejin karkara da ba ta da ɗakin kwamfuta, wadda wasu azuzuwanta ma rumfunan zana ne, bai kamata ta ɗauka an bar ta a baya ba. Manhajojin OsmAnd da Organic Maps suna sauke taswirar ƙasar gaba ɗaya a waya, kuma GPS na waya ba ya buƙatar kati ko layi kafin ya nuna wuri. QField yana ɗaukar aikin da aka shirya a QGIS ya kai shi fili, KoboToolbox kuma yana yin irin aikin Survey123. Wayar malami ɗaya da taswirar gari da aka buga a takarda, kowane rukuni na yara da kwafinsa, sun isa a yi darasin ma'auni da alƙibla da awon fili. A matakin kwaleji ma na fi son a fara da takarda da fensir ko da akwai kwamfuta, domin yaron da ya taka kewayen makaranta yana ƙirga sawunsa, ya mai da su santimita, ba zai manta ma'anar ma'auni ba. Tsofaffin taswirorin ƙasa da ke hannun cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, su ma suna da daraja a nan, saboda suna nuna garuruwa da dazuzzuka yadda suke shekaru da dama da suka wuce.

Sauran kayan koyarwa na zamani ƙa'ida ɗaya ce ta hau kansu. Kiwix, wanda ya fito a 2007, yana ajiye Wikipedia baki ɗaya, ta Faransanci da ta Hausa, a kwamfuta ko waya. Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality, yana mai da kwamfuta ɗaya ko ƙaramin inji irin Raspberry Pi ya zama ɗakin karatu wanda sauran na'urorin makaranta suke shiga ta wifi na cikin gida, malami kuma yana ganin ci gaban kowane ɗalibi. Faifan sola ɗaya da batir suna riƙe irin wannan inji. Darussan da Esri ya tanada suna da tsari mai kyau, amma yawancinsu da Ingilishi suke, misalansu kuma na Amurka ne, sai an sake gina su kafin su shiga manhajar karatunmu. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar takardun aiki da Hausa, waɗanda malamanmu suka rubuta a kan wurarenmu, ta ƙara fitowa fili, kuma takardar da aka rubuta a kan QGIS ana iya kwafarta a raba ba tare da fargabar cewa damar shiga manhajar za ta ƙare ba.

Akwai batun tsaro da sirri wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba, ko wace manhaja aka zaɓa. A arewacin jihar, musamman Tilliya da Tasara, halin tsaro bai bar wurin yawon awo da waya ba. Ko a cikin gari, a sanar da hukumar gari da mai unguwa da iyaye kafin yara su fita, a hana su kusantar barikin soja da shingen jami'an tsaro, kada kuma a sa sunan mai gida ko hoton fuskar yaro a taswirar da za ta hau intanet. A wannan fuska QGIS yana da fifiko, domin bayanan suna tsayawa a kwamfutar makaranta sai an yanke shawarar fitar da su, alhali ArcGIS Online yana buƙatar asusu da ajiya a waje, abin da ke wajabta wa darakta ya karanta sharuɗɗan da kyau kafin ya shigar da sunayen ɗalibansa.

Idan akwai kuɗin tallafi, wurin da ya fi cancanta a kashe shi shi ne horon malamai. Taron kwana uku da ake nuna maɓallai a watse ba ya barin komai. Abin da ke tsayawa shi ne malamai biyu daga kowace makaranta su shirya darasi ɗaya na gaske, su koyar da shi, su dawo bayan wata guda a gyara tare. Ƙwararrun suna nan a cikin ƙasa: cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ta daɗe tana horarwa a kan hotunan tauraron ɗan'adam, jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen labarin ƙasa, jami'ar Djibo Hamani tana nan a cikin garin Tawa, ga kuma matasan da ke aikin sa kai a OpenStreetMap. Wanda ya ƙware a QGIS ba zai sha wahala ba idan aiki ya kai shi ga ArcGIS daga baya, domin tunanin ɗaya ne: falle a kan falle, kowane wuri da teburin bayanansa.

Bisa wannan, lise da ke cikin garin Tawa ko Yamai, mai lantarki tsayayye da intanet da aka tanadar wa kuɗi na shekara cur, da malamin da ya amince ya riƙe asusun, tana iya neman ArcGIS ta hannun wakilin kamfanin, ta yi amfani da shi wajen tattara bayanai da baje aikin ɗalibai, amma ta ɗora QGIS a kowane inji domin ranar da layi ya tsinke. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta amma intanet ɗinta ta yau akwai gobe babu ce, wadda ita ce mafi rinjaye a manyan garuruwan gundumomi, ta tsaya a kan QGIS da jakar bayanan jiha da Kiwix, malami kuma ya riƙe Google Earth Pro a tasa kwamfutar domin buɗe darasi da majigi. Kwalejin da ba ta da lantarki ta fara da wayar malami da taswirar takarda, kuma idan kwamitin makaranta ya tara ƴan jikkuna, ya fara sayen faifan sola da batir da kuɗin buga taswirori kafin ya yi tunanin kwamfuta ta biyu.